Yadda muka tara 'yan ajinmu na Tech bayan shekara 25

A watan Nuwamba na 2023 muka haɗu a unguwar Asawase ta Kumasi wurin addu'ar bakwai ta wani ɗan'uwanmu da muka gama jami'a tare. Cikin dukan waɗanda muka yi shekaru muna cin abinci kwano ɗaya da shi, mu biyar kawai muka zo, sauran ba su ji rasuwar ba sai bayan an yi arba'in. Muna zaune kan benci a ƙarƙashin rumfa, ana raba masar sadaka, sai wani Alhaji da yake ajin injiniya a zamaninmu ya juyo ya ce mini, "Hajiya, yanzu mutuwa ce kaɗai za ta riƙa haɗa mu?" Ban samu abin da zan ce masa ba. Kafin mu tashi daga wurin an ɗora mini aikin sakatariya, aka ce 2024 za mu cika shekara 25 da gamawa, lallai a taru. Wata tara muka yi muna wannan hidima, kuma rabin wahalar da muka sha ta zo ne daga rashin sanin abin da ake farawa da shi. Shi ya sa nake rubuta wannan, domin ƙannenmu da ke tafe a baya.

Mu 'yan Zango ne da muka gama jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda kowa yake kira Tech, a 1999. Mun shiga tana amsa sunan UST, muka fita tana KNUST, domin a 1998 ne aka mayar mata da sunan Kwame Nkrumah da aka cire bayan juyin mulkin 1966. Makarantar ta buɗe ne a 1952 a matsayin kwalejin fasaha, da ɗalibai 200 masu koyon aikin malanta da aka kwaso daga Achimota, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. A zamaninmu masu jin Hausa ba mu da yawa, mata kuwa ana iya ƙirga mu da yatsu. Masallaci ne ya haɗa mu, da buɗe-baki a watan azumi, da motar da muke shiga daga Tech Junction mu koma Aboabo ko Sabon Zango ranar Juma'a da yamma. Ba sashe ɗaya muka yi ba, ba ɗakin kwana ɗaya ba, don haka babu wata takarda a ko'ina da ta tara sunayenmu wuri guda.

Neman sunayen nan shi ne aikin farko, kuma shi ya fi cin lokaci. A 1999 babu mai wayar hannu a cikinmu, mun rabu ne da lambar akwatin gidan waya da kwatancen gida. Na je gidan mahaifiyata na buɗe adakar da take ajiye takarduna, na tarar da ɗan littafin bikin yaye mu, takardunsa sun yi ja, kyankyasai sun ci gefe ɗaya. Da shi muka zauna mu huɗu a shagona na magani bayan isha'i, muna bin suna ɗaya bayan ɗaya da fensir. A nan muka gane cewa da yawa ba mu san sunansu na takarda ba, laƙabi kawai muka sani, kuma mata sun koma amsa sunan miji ko sunan ɗan fari. Wanda WhatsApp da Facebook suka kasa samo mana, limaman unguwa da tsofaffin mata suka samo shi. Ka ce wa tsohuwa a Yalwa kana neman ɗan wance da ya yi Tech, kafin la'asar an kawo maka lambar ƙanwarsa. Zuwa ƙarshen Janairu muna da suna 63. Mun samu 51 da rai, wasu a Nima da Madina a Ankara (wato Accra), wasu a Tamale da Wa, wasu a Jamus da Ingila da Amurka. Bakwai sun riga mu gidan gaskiya. Biyar har yau muna cigiya.

Kuskurenmu na farko a kan kuɗi ne. Da zumuɗi ya kama mutane, sai aka ce kowa ya fara turo abin da ya samu ta MoMo ɗina, wato asusun kuɗi na wayata. Cikin sati uku kuɗin jama'a ya gauraya da cinikin shagona. Ga harajin tura kuɗi ta waya na kashi 1 cikin 100 da ake cira a lokacin, ga ladan cirewa, sai ya zama abin da mutum ya ce ya turo da abin da zan iya nunawa a hannu ba su zo daidai ba. Wani ya turo da wayar matarsa, sunan da ya fito ban san shi ba. Ranar da wani ya rubuta a dandalinmu cewa yana son ganin lissafi, ban yi barci ba. Bai zage ni ba, kuma yana da gaskiya, amma na ji abin har cikin ƙashina, domin amana ce kuma ban shirya mata yadda ya kamata ba. Washegari na rubuta kowane sidi a takarda, na mayar wa kowa kuɗinsa, na cika abin da haraji ya ci daga aljihuna, na ce kada a ƙara turo ko kwabo sai mun buɗe asusu da sunan ƙungiya.

Daga nan muka nufi ofishin tsofaffin ɗalibai na jami'a, inda ya kamata mu fara zuwa tun ranar farko. Ni da shugabanmu muka je da safe, aka karɓe mu da mutunci, aka tambaye mu shekarar gamawa da sashen kowa, aka ce mu kawo wasiƙa mai bayanin ko mu su wane ne, me muke son yi, da rana, da adadin mutanen da za su shigo. Ba mu biya komai ba a wannan mataki. A nan na ji ana kiran tsohon ɗalibin Tech da Teknokrat, na kuma gane cewa tsofaffin ɗalibai kashi-kashi ne: akwai babbar ƙungiya ta kowa da kowa mai rassa a garuruwa da ƙasashen waje, akwai ƙungiyoyin ɗakunan kwana kamar na Katanga da na Conti, akwai na sassa da na 'yan shekara ɗaya. Mu ba mu faɗa ko ɗaya daga ciki sosai ba, shi ya sa wasiƙar take da amfani, ita ce ta sa aka san da zamanmu.

Wannan ziyara ta sa na koma na yi karatu a kan al'adar kanta, domin wasu dattawanmu suna ganin taron tsofaffin ɗalibai kamar bidi'ar 'yan boko ce ta cin abinci da rawa. Ta tsufa fiye da yadda na zata. A Amurka, kwalejin Williams ta kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta tun 1821, lokacin da makarantar take cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, wato tun asali don ceton makaranta aka taru. Al'adar komawa makaranta sau ɗaya a shekara a kalli wasan ƙwallo ta bazu a jami'o'in can wajejen 1910. A nan Ghana kuwa makarantun sakandare ne suka riƙe abin da ƙarfi. Ɗan Achimota Akora ne har ya mutu, ɗan Prempeh College yana cikin Amanfoo, ɗan Opoku Ware yana cikin Akatakyie, kuma Mfantsipim da aka kafa a 1876 ta yi suna wajen 'yan shekara ɗaya da suke dawowa su ɗauki nauyin bikin ba da kyaututtuka, su bar wa makaranta wani aiki. A jami'a ɗakin kwana ne yake ɗaure mutane, kamar yadda 'yan ɗakin Commonwealth a jami'ar Legon suke zama Vandals har tsufa. Da na faɗa wa kawuna wannan, sai ya ce, "To ai zumunci ne, ɗiyata, kuma zumunci a ƙafa yake." Daga ranar ya daina yi mana kallon masu ɓata lokaci.

Banki ya ce ba zai buɗe asusun ƙungiya ba sai da takardar rajista, don haka muka tafi ofishin rajistar kamfanoni. Ƙungiya irin tamu, wadda ba riba take nema ba, ana yi mata rajista ne a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019 a matsayin kamfanin da ba shi da hannun jari, mambobi ne suke tsaya masa. Da farko ana bincika sunan da kuka zaɓa a ga ko wani ya riga ku. Mun je da suna ɗaya tak, mai ɗauke da sunan jami'a a ciki, aka nuna mana cewa sa sunan wata hukuma yana bukatar yardarta a rubuce. Muka koma muka zaɓi suna uku da ba su taɓa sunan kowa ba, na biyu ya wuce. Sai fom: daraktoci aƙalla biyu, sakatare, wasiƙar amincewa daga odita mai lasisi, kundin dokokin ƙungiya, lambar Ghana Card (katin ɗan ƙasa) ta kowa, wadda tun 2021 ita ce lambar harajin mutum, da adireshin GhanaPost GPS na inda ofishinmu yake, wato shagona. Daraktoci kuma sai sun yi rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa.

Abin da ya tsayar da mu sati uku cif shi ne rubutun suna, ciwon da kowane ɗan Zango ya sani. Ma'ajinmu sunansa iri uku ne a takardu uku: yadda malamin firamare ya ji ya rubuta, yadda yake a fasfo, da yadda yake a katin ɗan ƙasa. Ni da hannuna na cika fom da wanda na saba kiransa da shi, aka dawo mana da shi. Muka gyara, muka sake rantsuwa, muka sake biya. Duk wanda zai yi wannan aiki, ya karɓi hoton katin kowane darakta tun farko, ya kwafi sunan harafi bayan harafi, ko da ya san ba haka ake faɗarsa a gida ba. Rajista da odita da rantsuwa sau biyu da buga takardu sun ci mana sidi 1,800. Takardar ta fito ana saura kwana kaɗan a fara azumi, a watan Maris. Banki bai ba mu wahala ba bayan haka: takardar rajista, kundin dokoki, bayanin zaman da aka yanke shawarar buɗe asusu, hotuna, da masu sa hannu uku, kowane biyu su iya fitar da kuɗi. Kwana goma aka ba mu lambar asusu.

Sa rana ya jawo gardama fiye da yadda na zata. Azumi ya cinye Maris zuwa farkon Afrilu. Afrilu da Mayu garin ya cika maƙil da baƙi, domin sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, wanda shi ne uban jami'ar, yana bikin cika shekara 25 a kan karaga, ya hau a shekarar da muka gama. Yuni akwai aikin Hajji da Babbar Sallah. Ƙarshen shekara kuma zaɓen 7 ga Disamba, kuma a cikinmu akwai 'yan kowace jam'iyya, ba mu so taron ya koma filin kamfen. Na waje suka ce sai lokacin hutun 'ya'yansu. Muka tsaya a kan Juma'a 30 da Asabar 31 ga Agusta, lokacin da ruwan sama yakan ɗan tsagaita. Lahadi ba ta yiwuwa, ranar aure ce a Zango. Asabar kuma ranar jana'izar Asantawa ce, rumfuna da kujeru da lasifika duk ana rububinsu, don haka wanda bai ba da kafin alƙalami da wuri ba zai zauna a rana.

Zuciyarmu ta so Great Hall, inda aka yaye mu, amma ya yi mana girma, sai muka kama wani zaure a wajen Ayeduase a kan sidi 4,500, muka biya rabi a watan Mayu, muka karɓi rasit mai ɗauke da rana da awanni. Mazan Katanga suka ce sai an yi jerin gwano da ganga kamar da. Muka bincika, dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce jerin gwano a titi sai an sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin ranar. Da aka duba gwiwoyin mutane da hawan jini, aka haƙura, aka ce zagayen makaranta a mota ya isa. Yayi kuwa, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya suke kira anko, mun so a buga mana namu da tambari kamar yadda manyan makarantu suke yi, amma masaƙa ba ta buga ƙaramin adadi. Muka shiga Kejetia muka zaɓi atamfa ɗaya. Ba mu biya nan take ba, muka ce sai mutane sun turo, kuma a shekarar sidi yana ta faɗuwa a gaban dala. Da muka koma bayan wata ɗaya kuɗin ya tashi, rabin kayan kuma an sayar. Sai da mai shagon ta aika Ankara aka cika mana.

Akwai abin da na fi so a ji a cikin duk wannan labari. Mun yanke sidi 500 a kan kowa, kuma ma'aji yana sa sunan wanda ya biya a dandali, a ganinmu hakan gaskiya ce a fili. Sai na lura wasu sun yi shiru, biyu ma sun fita. Ɗaya daga cikinsu yana cikin masu kaifin ƙwaƙwalwa a zamaninmu, shi yake koya mana lissafi a barandar masallaci. Na bi sawunsa har Suame Magazine, unguwar makanikai. Na same shi a wani ɗan shago na kwano, yana zaune kan tsohuwar taya, yana goge wani ƙarfen mota da tsumma, tabarau ɗinsa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Ya tashi da sauri ya share mini kujera. Bayan gaisuwa na tambaye shi dalilin fitarsa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Yaya Hajiya, in zo in ce musu me? Kowa zai tashi ya ce shi darakta ne, shi dakta ne. Aikina ya tsaya shekara shida, yara huɗu suna makaranta." Na ce masa, "Malam, mu da ka koya wa karatu muke nemanka, ba aljihunka ba." Na fito daga wurin idona cike da hawaye, domin mu ne muka kore shi da jerin sunayenmu ba tare da mun sani ba. A daren muka canza tsari. Aka daina sa sunan masu biya, sai jimilla kawai duk Juma'a, cikakken lissafi yana wurin odita ga mai son gani. Aka ce gudummawa gwargwadon hali, yayi ba dole ba ne, kuma wasu suka saya wa wasu a ɓoye ta hannuna. Aka kuma hana gabatar da kai da muƙami a ranar taro: suna, unguwa, da ɗakin kwana, shi ke nan.

Ranar Juma'a muka yi sallah a masallacin jami'a, bayan an sallame aka yi saukar Alƙur'ani da addu'a ga mutum bakwai ɗinmu. Mun gayyaci iyalansu, kowane gida aka ba shi sidi 1,000 a ambulan, ba a gaban jama'a ba. Da aka zo karanta sunayen, shugabanmu ya kai na huɗu muryarsa ta sarƙe, sai liman ya karɓa ya ƙarasa. Asabar da safe muka zagaya makaranta da wasiƙarmu a hannu, masu gadi suka duba suka buɗe mana. Muka tsaya a filin Paa Joe, muka wuce Africa Hall inda na kwana shekarun karatuna, na nuna wa 'yata tagar ɗakina. A Katanga da Conti mazanmu suka tsaya suna kallon 'yan mata suna fitowa da littattafai, domin tun 2018 aka mayar da ɗakunan na maza da mata. Wasu har yanzu abin yana yi musu ciwo, kuma na fahimce su. Ni dai na tuna yadda samun gado yake wa mace wuya a zamaninmu, na ji daɗi a raina.

Mutum 44 suka zo cikin 51, da iyalai muka kai 120. Waakye da tuwo da miyar ayoyo aka ci, da tsire da sobolo da fura. Mai abincin ta makara da awa ɗaya da rabi saboda wata jana'iza ta tare hanya, kuma ba mu tanadi ko ƙosai da za a riƙe ciki da shi ba, yara suka fara kuka. Ban da wannan komai ya tafi lafiya. Malamin nan na Suame ya zo da yayinsa a jiki, kuma da ya faɗi sunansa zauren gaba ɗaya ya miƙe tsaye.

Da zan sake yin wannan aiki, ga yadda zan jera shi: sunaye tukuna, sai ofishin tsofaffin ɗalibai, sai rajista, sai banki, sannan a fara karɓar kuɗi. A sa rana da kalandar Musulunci da ta gari duka a gaba. Duk abin da za a saya a kasuwa a biya shi ranar da aka zaɓa. A fara aƙalla shekara ɗaya kafin lokaci, wata tara ya yi mana kaɗan. A tuna kuma cewa rajista tana zuwa da nauyi, kowace shekara sai an kai rahoto da lissafin odita, ko an yi taro ko ba a yi ba, don haka a zaɓi sakataren da zai iya ɗorewa. Wanda ya yi shiru a dandali kuwa, kada a ce girman kai ne, a tashi a je inda yake.

Mun tara sidi 46,300. Abinci ya ci 10,800, abin sha 2,200, kujeru da lasifika da mai hoto 5,000, sai zaure da rajista da ambulan ɗin iyalai, jimilla 31,300. Ragowar 15,000 aka amince a biya wa ɗaliban Zango da suke Tech yanzu kuɗin ɗakin kwana, limaman unguwanni ne suke kawo sunayen. Bayan sati ɗaya na kai wa mahaifiyar marigayin Asawase yadi shida na yayin da hoton da muka ɗauka gaba ɗaya. Ta sa jikarta ta riƙe mata hoton kusa da fuska, tana nuna mutane da yatsa tana tambayar ɗan wane ne wannan. A wurinta na samu kwatancen gidan ɗaya daga cikin biyar ɗin da muke nema, a Tafo Zango. Na je sau biyu ban tarar da kowa ba, maƙwabta sun ce sun tashi zuwa Techiman, kuma ma'ajinmu ya ce zai bi ta can in ya tashi zuwa Tamale.